Ƙahon da Aka Yi wa Hajiya Rabi Kafin Hoto na Uku

Sunana Alhaji Mamman. A unguwar New Bell ta Douala aka haife ni, nan kuma na dawo na zauna da ƙafa ta gaji. Na yi fataucin goro da fata da atamfa, na kwana a Bangi da Injamena da Librebil, na yi shekara biyu a Khartum, na sauke farali, har ƙasar Sin na je sayen kaya. Ina jin Fulatanci da Faransanci da Larabci da Pijin ɗin kasuwa. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san wanda ya yi kuskuren da ke cikin labarin nan ba mutum ne da bai ga duniya ba. Matata Hajiya Rabi ta rasu wata bakwai ke nan, Allah ya jiƙanta da rahama. Na rubuta yadda jinyarta ta gudana domin wanda Allah ya jarraba da irinta ya san inda ramin yake.

Ciwon daji ne na nono. An yi mata aiki, an yi mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, muka samu kusan shekara biyu muna hamdala. Sai wata rana da damina, tana ɗaura ɗankwali, ta ce in taɓa gindin wuyanta ta hagu. Wani kumburi ne kamar ƙaramin goro, mai tauri, ba ya zafi. Kafin wata ya zagayo ta daina son abinci, har miyar kuka da take yi da hannunta. Ta ce akwai abin da ya tokare ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kamar ta haɗiye dutse.

Muka koma layin asibiti. Wanda bai san layin nan ba, ga yadda yake: ka idar da Asuba ka fito, ruwa ya cika kwatocin unguwa har ƙauri, masu taksi su ƙi shigowa, ka tallabi mara lafiya zuwa bakin titi. Ka isa ka tarar da mutum talatin sun riga ka. A Khartum na ga masu jira suna raba shayi tsakaninsu. A Douala kowa rungume yake da ambulan ɗin takardunsa, yana hararar wanda ya matso kusa da ƙofa. Sau uku muka je kafin mu ga likitar.

Mace ce 'yar ƙasar nan, ba ta da yawan fara'a, amma ba ta taɓa yi mana ƙarya ba. Dakta kawai muke ce mata. Ta ce ciwon ya dawo, ya sauka a wuya da hanta. Maganin da ya rage a kasuwa, ko na sayar da gida da shago ba zai kai mu ƙarshen shekara ba. Sannan ta ce akwai wani sabon magani da ake gwadawa a ƙasashe da dama, asibitinsu yana ciki. Idan Hajiya ta yarda, maganin kyauta ne, hoton cikin jiki da za a riƙa ɗauka ma kyauta. Amma da sharaɗi.

Ta juyo mana da allon kwamfuta, ga hoton farko da aka ɗauki Hajiya. Hajiya ba ta jin Faransanci sai na cinikin kifi, don haka ni ne tafinta. Dakta ta nuna tabo uku, ɗaya a wuya, biyu ƙanana a hanta, ta ja layi a kan kowanne ta auna shi da milimita, ta haɗa jimla. Duk mako shida za a sake shigar da Hajiya na'urar hoton da suke kira sikana, a sake awon. Hoton kuma ba ita kaɗai ke dubawa ba. Ana tura shi wata ƙasa, wajen wasu likitoci da ba su san sunan Hajiya ba, lamba kawai suke gani. Idan jimlar ta ragu ko ta tsaya, a ci gaba da ba ta magani. Idan ta ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar, ko wani sabon tabo ya fito, an ɗauka maganin bai yi mata aiki ba, sai a cire ta.

Na ce, "To idan ita ta ce ta ji sauƙi fa?"

Dakta ta ce, "Alhaji, on mesure, on ne devine pas." Wato awo ake yi, ba a kintace.

Na fassara wa Hajiya. Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ka ce mata na yarda. Ai ko a kasuwa gara mai mudu da mai cewa ga shi nan ya isa."

Takardar sa hannun shafi goma sha wani abu ce. Na karanta mata ita a gida cikin kwana biyu. A ciki an ce kada a haɗa da wani magani, na asibiti ko na gida, kuma duk abin da aka yi wa jiki a faɗa musu. Ta dangwala yatsa, na sa hannu a matsayin shaida.

Makon farko lafiya lau. A na biyu bakinta ya yi gyambo, sai kunu mai sanyi kawai take iya sha. A na uku gudawa, a na huɗu tafin hannunta ya fara saɓa. 'Yarmu Zainabu tana aure a Logbaba, kullum sai ta hau bensikin, babur ɗin haya, ta ratso cunkoson gari ta zo ta yi mata wanka ta koma. 'Yan dubiya kuwa ba a magana. Kowa da ƙullinsa: wannan saiwa daga Garwa, wannan garin ganye daga Marwa, wannan man da wani ya kawo daga Umra. Na tsaya a ƙofa kamar ɗan kwastan. Ina karɓa, ina godiya, ina zubawa a wani kwali a ɗakina. Ko cokali ɗaya bai shiga bakinta ba, kuma na yi ta yabon kaina a kan haka.

Ranar hoto ana hana ta cin abinci, a ba ta wani ruwa ta sha, a yi mata allurar da ta ce tana sa jiki ya ɗau zafi tun daga maƙogwaro har ƙafa. Na'urar tana magana da Faransanci, tana cewa a riƙe numfashi. Na koya mata kalmomin tun a gida. Daga nan ta samu abin tsokana. Duk lokacin da na zauna ina ba baƙi labarin Khartum na wuce gona da iri, sai in ji muryarta daga ɗaki: "Alhaji, ne respirez plus!" Baƙi su kwashe da dariya.

Hoto na biyu ya fito a mako na bakwai. Na hanta sun ragu kaɗan, na wuya yana nan yadda yake. A ranar na fara ganin haƙoran Dakta. Ta ce wannan labari ne mai daɗi, a ci gaba.

A gida ba haka aka karɓe shi ba. Hanta ba wanda yake ganinta. Wuya kuwa kowa yana gani.

Hajiya tana da yaya, Yaya Ladi, wadda ta raine ta tun da mahaifiyarsu ta rasu. Ita ta aurar mini da ita, don haka a wurina suruka ce, ban taɓa ɗaga mata murya ba. A Sodiko take zaune, ƙetaren gada. Ta zo ta kwana biyu, ta kama haɓar Hajiya ta juya wuyanta wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Alhaji, hoto magani ne?"

"A'a, Yaya. Awo ne."

"Tun da aka fara ɗaukar yarinyar nan hoto kamar mai neman fasfo, me ya ragu? Ga abu nan zaune daram."

Yarinyar da take nufi ta haura sittin. Na ce na ciki sun ragu. Ta ce, "Ka gani da idonka?" Na ce na gani a kwamfuta. Ta ce, "Uhm."

Sannan ta kawo maganar ƙaho. Ta ce mataccen jini ne ya taru ya tare hanya, in an zuƙe shi maganin Turawan ma zai fi samun wurin wucewa. A kira Malam Idi. Malam Idi wanzamin gidanmu ne, shi ya yi wa 'ya'yana duka askin suna, ubansa ya yi mini nawa. Ta ce ai ba sha za a yi ba, ba ci za a yi ba, ina ruwan takarda?

A nan yawona ya cuce ni. Da ban taɓa fita New Bell ba, wataƙila da na ji tsoro na tambaya. Amma an yi mini ƙaho a Khartum na ji daɗinsa. Na ga ana yi a Madina a ɗakuna masu tsabta. A ƙasar Sin na ga likitoci da fararen riguna suna kafa wa mutane kofunan gilashi a baya. Na ce a raina, abin da duniya duka ta yarda da shi, kuma a bayan fata yake, me zai taɓa? Na ce a yi, amma a kafaɗa da baya kawai, kada a kusanci kumburin. Malam Idi ya zo da zabirarsa ranar wata Laraba da hantsi, yana tsokanata wai gemuna ya fi ƙarfin askar zamani. Na maimaita masa sharaɗin. Ya ce, "An gama, Alhaji." Da za a buɗe mata kafaɗa a gaban yayarta, sai na ga zamana bai dace ba, na tafi shago.

Na dawo bayan Azahar. Hajiya tana kwance, an rufe mata wuya da gyale. Na ɗaga. Tsaga biyar ne a jere a kan kumburin kansa, an shafa musu wani baƙin gari.

Na dubi Yaya Ladi. Ta ce, "Ka ga abin da ya fito kuwa? Baƙi ƙirin kamar kwalta." Na fita tsakar gida na tsaya. Saura kwana goma sha ɗaya a ɗauki hoto na uku.

Wannan kuskure na farko ne, kuma mutane da yawa suka taru suka yi shi. Na biyu nawa ne ni kaɗai.

Bayan kwana biyar muka je karɓar ƙwayoyi. Akwai wata nas da take riƙe da takardar tambayoyi, kullum sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaya ko an sha wani abu. Na ce a'a, gaskiya ne. Ta tambaya ko an yi wa jiki wani abu tun zuwanmu na baya. Hajiya ta dube ni tana jiran fassara. Ban fassara ba. Na ce wa nas, "Rien." Ba komai. Tsoro nake ji kada a ce mun karya sharaɗi a kore mu. Kuma ina jin nauyin in buɗe baki in kai ƙarar surukata wajen bare. Na ce a raina tsaga ce, kafin ranar hoto ta warke.

Ba ta warke ba. Wurin ya yi ja, ya ɗau zafi. Zainabu ta ce, "Baba, a gaya wa Dakta mana." Na ce ta bari a wuce hoton tukuna. Ranar hoto mai ɗauka namiji ne, Hajiya ta bar siririn gyale a wuyanta, tun da ba ƙarfe a jikinsa bai ce ta cire ba.

Bayan kwana shida aka kira mu, ba ranar zuwanmu ba ce. Dakta ba ta ce mu zauna ba sai da ta rufe ƙofa. Ta ce masu dubawa na waje sun aiko da sakamako. Na hanta sun ƙara raguwa, amma na wuya ya yi girman da ya ja jimlar ta haye iyaka. A ƙa'ida an gama. Ta ce abin bai kwanta mata ba, don ba ta saba ganin biyu suna sauka ɗaya yana tashi haka ba. Ta ce Hajiya ta cire mayafi.

Ta daɗe tana kallon wurin. Mugunya ta riga ta fara fita. Ta taɓa goshin Hajiya, ta kira nas a kawo ma'aunin zafi. Sannan ta juyo gare ni, ba ta ɗaga murya ba.

"Yaushe?"

Na faɗa mata.

"Ranar da aka tambaye ku, an riga an yi?"

Na ce an yi.

Ta ce, "Alhaji, ƙaho na san shi, kakata ma ana yi mata irinsa. Da ka faɗa mini a ranar, da na wanke wurin na ba ta maganin ƙwayar cuta tun bai yi nisa ba, da na rubuta musu kafin su auna. Wanda yake can yana duba hoto bai san wanzami ba. Abin da ya gani shi zai auna."

Hajiya ta ja hannun rigata. "Me take cewa?" A shekara arba'in da aurenmu ban taɓa jin nauyin harshena kamar ranar ba. Na fassara mata duka, har da tambayar da na ɓoye. Ta ce, "Allah ya kyauta."

Ina da ƙorafi a kan tsarin nan, kuma zan faɗe shi. Mutumin da zai yanke hukunci a kan maganin matarka bai taɓa ganin fuskarta ba, ba ka da hanyar da za ka yi masa bayani. Takardar sa hannu da Faransanci take, ba ta Hausa, ba ta Fulatanci, alhali rabin masu zama a bencin nan 'yan arewa ne. Ba wanda ya taɓa ambatar ƙaho ko tsaga ko sakiya da sunansu, kuma da an ambata da na tsaya. Tafinta kuma bai kamata ya zama mijin mara lafiya ba, don miji yana da abin da yake tsoro. Amma Dakta ta yi abin da ba dole ne ta yi ba. Ta ɗauki hoton gyambon da wayarta, ta rubuta wasiƙa, ta yi ta bugun waya, har aka yarda a sake hoton bayan mako huɗu kafin a yanke. Allah ya saka mata.

Sai dai maganin gwajin yana raunana garkuwar jiki, ba a shan sa da gyambo mai mugunya da zazzaɓi. Dole aka ajiye shi. Aka kwantar da Hajiya kwana goma sha tara. Makon farko zazzaɓi ya ƙi sauka, tana sambatu tana kiran mahaifiyarta. Na biyu aka tsaga wurin aka matse. Na uku muka dawo gida, ta fara shan kunu, ta tambayi wa ya bar mata tukwane a waje ruwa yana dukansu. A mako na huɗu dutsen nan na ƙarƙashin haƙarƙari ya dawo. Ba ta faɗa ba, na gani ne a yadda take zama a karkace.

Duk wannan lokacin ban yi wa Yaya Ladi magana ba sai gaisuwa. In ta shigo in fita. Malam Idi ya zo dubiya, na sa aka ce ba na nan.

Hoto na huɗu ya fito. Dakta ta jera shi da na farko a allo. Kumburin wuya ya sauka, har ya fi yadda yake a hoton farko ƙanƙanta. Wato maganin yana cin sa tun da farko, a hankali. Amma a hanta akwai sabon tabo, ƙarami kamar ƙwayar gero, a inda babu komai a da. Sabon tabo ba ya buƙatar lissafi. Aka cire ta.

Na tambayi Dakta, da ba a ajiye maganin ba, da tabon nan zai fito? Ta ce ba ta sani ba, kuma ba wanda zai taɓa sani. Na ce to me za a rubuta a gaban lambar Hajiya? Ta ce za a rubuta ciwon ya ci gaba a mako kaza, za a kuma rubuta dalilin dakatarwa, amma a babban lissafi tana cikin waɗanda ciwonsu ya ci gaba. Wannan ya tsaya mini har yau. Wata mata a wata ƙasa tana jiran a ce maganin nan yana aiki ko ba ya yi, kuma a cikin shaidun da za a tara akwai tamu, wadda ni na gurɓata.

Hajiya ta yi wata huɗu bayan nan. Aka koma tsohon magani, wanda ƙarfinmu ya kai, sannan aka koma na rage zafi kawai. Idonta ya yi rawaya, cikinta ya kumbura. Wata ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar an zaunar da ita a tabarma a ƙofar ɗaki tana shan iska. Ta ce Zainabu ta ba mu wuri.

"Alhaji, sai yaushe za ka daina gudun Yaya?"

Na ce ba gudunta nake ba.

"Kai da ba ka iya ƙarya ba sai da Faransanci." Ta numfasa. "Ba ita ta sa aka ɗora a wuya ba. Ta faɗa wa Malam Idi abin da ka ce, shi ma ya ƙi. Ni na ce in ba a nan ba, a bari. Na gaji da yadda mata ke shigowa su gaishe ni idonsu na kan wuyana. Na ce ko kaɗan ne ya ragu in gani da idona, ba a kwamfuta ba. Yaya ta ce in yi shiru, ita za ta ɗauka, kai ba za ka iya yi mata faɗa ba."

Ta ce, "Ni na yafe maka naka. Ka yafe mini nawa, ka je ka sauke wa tsohuwar nan kayan da ba nata ba."

Ta rasu bayan kwana goma sha biyu, da hantsi, Yaya Ladi na riƙe da kanta.

Ga abin da nake roƙon duk wanda aka sa nasa a irin wannan gwaji. Wurin da ake aunawa kada a taɓa shi, ko da man shafawa ne, sai an tambaya. Abin da ido ke gani a waje ba shi ne duka labarin ba, a yi haƙuri da hoton. In an riga an yi wani abu, a faɗa a ranar, komai nauyin wanda ya sa aka yi. Kuma in kai ne tafinta, ka fassara kowace tambaya, ka bar mai jikin ta amsa da bakinta.

Sodiko kuwa na je, amma sai bayan sadakar arba'in, don na yi ta ɗagawa. Na tarar da Yaya Ladi tana tsince shinkafa a faranti. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Hajiya ta faɗa mini komai. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsinta, can ta ce, "Da ta bar ni da laifin. Wanda nake ɗauke mata na ƙarshe ke nan."